Na gama labarin kisan kai a birnin Rum: in buga ko in saki a waya?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na kammala labarin binciken kisa a birnin Rum, shekara ta 61 miladiyya, zamanin Sarki Nero. Kisan ya faru da gaske: an kashe Pedaniyus Sekundus, shugaban birnin, a cikin gidansa, aka ce bawansa ne. A dokarsu in bawa ya kashe ubangidansa duk bayin gidan ake kashewa, su kuwa mutum 400 ne. Jarumata 'yantacciyar baiwa ce, 'yarta na cikinsu, tana neman gaskiya kafin majalisar dattawa ta yanke hukunci. Na ɗauki adashi naira dubu 350. In buga littafi, ko in riƙa sakinsa a WhatsApp mai so ya biya? Sannan mai duba mini ya dage sai na saka ɗan sanda, wai labarin bincike ba ya yiwuwa babu jami'i. Wannan ya fi damuna.

Ummu Haidar: Wa alaikis salam. Anti ki mayar da shi Kano kawai, ki sa soyayya. Wa zai iya riƙe waɗannan sunaye?

Malamin Tarihi: Hajiya, kada ki saka ɗan sandan. Rumawa ba su da 'yan sandan bincike irin namu. A shekara ta 6 Sarki Ogustus ya kafa rundunar masu kashe gobara da sintirin dare, ɓarawo suke kamawa a lungu, ba bin sawun kisa ba. Babu lauyan gwamnati mai gurfanarwa, dangin mamaci ko wani mai neman suna ke kai ƙara. Shaidar bawa kuma ba a karɓa sai an azabtar da shi. Nan daɗin labarinki yake: masu sanin gaskiya bakinsu ba ya da daraja, wanda aka kashe kuma shi ne mai iko da dakarun tsaron birni.

Baban Sadik: Ƙanwata, ki riƙe kuɗinki. Ni na rubuta nawa kan mutuwar Sarki Kalaudiyus a shekara ta 54, wanda ake zargin matarsa Agiripina ta sa masa guba a abinci. Na sayar da babur ɗina na kai wa wani mai ɗab'i dubu 420 a kan kwafi 500. Bayan ya karɓa ya ce takarda ta tashi, sai na ƙara. Da littafin ya fito, babin da ake bayyana mai laifi an manna shi a tsakiya, kafin ma a gano gubar. Labarin bincike fa! Bangon kuma sojan Rum ne riƙe da garkuwa mai gicciye, irin ta yaƙe-yaƙen da aka yi bayan shekara dubu. Na kai wa 'yan kasuwa, kowa ya ce ajiye, in an sayar ka zo. Sauran kwalayen na tura ƙarƙashin gado. Da damina ta wuce na jawo su, gara ta cinye gindin kwali biyu, na ɗaga littafi ƙasa na zuba daga cikinsa. Matata har yau ba ta son jin kalmar Rum.

Maman Walida: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Yaya. Amma batun ɗan sandan fa?

Ɗan Damagaram: Baban Sadik an cuce ka ne. Wani abokina ya buga kwafi 500 a Kano bai kai dubu 300 ba, a nan Damagaram muna sayen ɗaya jika biyu na sefa.

Baban Sadik: Yaushe? Shafi nawa? Je ka tambayi kuɗin rim ɗin takarda yau ka dawo.

Anti Balaraba: Ni an ce mini dubu 600 watan jiya, shafi 180. Shi ya sa nake saki a waya, naira 500 duk mai so, na musamman 1,000. Ba kwali, ba gara.

Ummu Haidar: 500 ta yi yawa wa labarin da babu kishiya a ciki, 300 dai.

Na Gwaggo: A saka Sufeto Garba mana, ya tare keken doki a ƙofar Kolosiyum, babban filin wasan nan na Rum, ya ce direba kawo takardu 😂

Malamin Tarihi: Ko wasan ma akwai gyara, Kolosiyum sai a shekara ta 80 aka buɗe shi, Nero ya mutu tun 68. Hajiya ki duba girkinki ma: babu tumatir, babu barkono, babu masara, duk daga Amurka suka zo daga baya. Miyarsu da ruwan kifi mai gishiri da aka tsima suke ɗanɗana ta, kamar yadda muke yi da daddawa.

Anti Balaraba: Malam, da girmanka, littafi nawa ka taɓa sayarwa? Mai karatu ba jarabawa ya zo rubutawa ba. Ni masu biya nake fama da su kullum, na san abin da suke so.

Malamin Tarihi: Ban sayar ba, Hajiya, amma ita tambayarta kan tarihi ce. Masanin tarihi Tasitus ya rubuta cewa jama'a sun fito zanga-zanga don a ceci bayin, Nero ya jera sojoji a hanya aka wuce da su aka kashe. In ta saka jami'in da zai ceto su ta ɓata abin da ya sa labarin ke da ciwo.

Maman Walida: Wallahi nan na fi kuka da ina rubutawa. A nawa ma ba su tsira ba, uwar dai ta san gaskiya.

Na Gwaggo: To kin faɗa mana ƙarshe, wa zai biya kuma? 😂

Baban Sadik: Dama ko ba ta faɗa ba za a ji. Balaraba, gaya mata abin da ya sami naki na bara.

Anti Balaraba: Kar ka tuna mini. Mutum ɗaya ta biya ta watsa shi a guruf-guruf kafin magariba. Sati bai cika ba na ji wani yana karanta shi a tasharsa ta bidiyo, ya cire sunana, ya sa talla a tsakiya. Na yi masa magana ya ce ai tallata ni yake yi.

Ummu Haidar: Gaskiya ni ma a can nake saurare ina wanke-wanke, ban san ba a tambayarku ba.

Ɗan Damagaram: Akwai mai lambar wanda ya karanta na Anti? Ina jin shi ne ya ɗauki na ƙanwata.

Anti Balaraba: Ya canza layi. Amma muryarsa ko cikin barci na ji zan gane ta, bari in turo maka ta akwati ka saurara.