Me ya kawo agwagwa kan zanen gadon amarya?

Mai Surfani: Salamu alaikum. Zannuwan gado ƴan Sin da ke shigowa kasuwar Maradi, da yawa agwagi biyu ne a jiki, haka wasu zane-zanen Japan. Mu nan agwagwa kwatami muka san ta da shi. Me ya kai ta ɗakin amarya?

Malam Na Zariya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba irin tamu ta gida ba ce. Ƴar ƙaramar agwagwar daji ce mai ƙwai a kogon itace, Japanawa na kiranta oshidori, Sinawa yuanyang. Don ana ganin toro da macen manne da juna, sai aka mai da su alamar zaman aure. Har yau a Japan ma'auratan da ba sa rabuwa "oshidori fufu" ake ce musu. Koriyawa kuma na katako suke sassaƙawa, guda biyu, a ba ango da amarya.

In za ki ɗinka, kada ki sa ɗaya tilo, ma'anar ta juye ke nan. Toron shi ne mai ado, da gashi ruwan goro guda biyu tsaye a bayansa kamar mafici. Macen ruwan toka ce, da farin zobe a ido.

Ɗan Madarunfa: A lura da abin da ke kewaye da su. Sinawa da furen bado suke haɗa su, Japanawa kuwa tsuntsun hunturu suka ɗauke shi. Mai zanen Japan Ito Jakuchu na Kyoto (1716–1800) cikin dusar ƙanƙara ya zana su a 1759, ɗaya daga zane 30 da ya yi kan alharini. Farin fentin da ya yi ƙanƙarar da shi gofun ne, garin ƙwanson kawa da ake kwaɓawa da danƙon fata. Danƙo ya yi yawa, fenti ya tsage. Ya yi kaɗan, ya kakkaɓe. Wani launin ma ta bayan ƙyallen yake shafa shi, ya ɓullo ta gaba a dushe. Wanda ya cakuɗa bado da dusar ƙanƙara ya haɗa damina da hunturu a zane ɗaya.

Inna Mai Kaji: Amanar dai a zane take. Macen na kwanciya kan ƙwai, kwana kusan 30, toron ya kama gabansa. Baɗi ma sau da yawa wata yake nema.