Kwikwiyon da ba ya zubar da gashi a gida mai bango ɗaya da maƙwabta: waɗanda suka saya su ba mu labari

Maman Ishaya, Maryland

Salama gare ku 'yan'uwa. Muna zaune a irin jerin gidajen nan na bayan gari da suke manne da juna, hawa uku, bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabci dama da hagu, filin da ke baya kuma bai fi wurin ajiye mota ɗaya ba. Yara sun tasa mu gaba sai an saya musu kare, maigida kuma ya goya musu baya, don shi a Wusasa da kare ya tashi a gidansu. Ni damuwata biyu ce: gashi a kan kafet da kujeru, da kuma babbar 'yata mai asma. A nan jihar Maryland ta Amurka tun 2020 aka hana kantunan dabbobi sayar da 'yan kwikwiyo, saboda haka wajen masu kiwo muka nufa. Don Allah wanda ya taɓa saya, yana kuma zaune a irin gidan nan, ya gaya mini abin da ya gani da idonsa. Talla kam na karanta har na gaji.

Baban Zara, Columbus

'Yar'uwa, kafin ki kalli hoton kowane kwikwiyo, ɗauko takardar dokokin ƙungiyar masu gidaje ta unguwarku ki karanta. Tamu ta ce dabba biyu kacal a gida, kuma nauyin kare kada ya wuce fam 35. Wannan layi ɗaya shi ya fitar da Portuguese Water Dog daga lissafinmu, irin wanda iyalan Obama suka kawo Fadar White House a 2009 saboda 'yarsu Malia tana borin jini da gashin kare. Kyakkyawa ne, amma yana kai fam 35 zuwa 60, kuma karen masunta ne, gudu da iyo yake so. Idan haya kuke yi, mai gidan ma yana da tasa dokar daban, da kuɗin da zai ɗora muku kowane wata. Mu ƙaramin Poodle muka ɗauka, fam 13 yake yanzu.

Anti Ladi, Minnesota

Maman Ishaya, maganar asmar nan ita ta sa na zauna zan yi miki rubutu da ɗan tsawo, domin aikin jinya nake yi, kuma ɗana na biyu haka yake. Ba gashin ba ne ke tayar da ciwon. Wani sinadari ne da ke cikin yawun kare da amosanin fatarsa, ana kiransa Can f 1, kuma kowane kare yana da shi, mai gashi da marar gashi. A 2011 likitocin asibitin Henry Ford da ke Detroit sun ɗebi ƙura daga gidajen masu karnuka suka auna, ba su ga wani bambancin kirki ba tsakanin gidajen da ke da irin karnukan da ake cewa ba sa tayar da borin jini da gidajen sauran karnuka. To duk mai kiwon da ya rantse miki cewa nasa ba za su taɓa yarinyar ba, ciniki yake yi.

Abin da muka yi shi ne, muka fara kai yaron wajen likita aka yi masa gwajin fata. Bayan nan muka roƙi mai kiwon ta bar shi ya zauna a falonta tare da uwar 'yan kwikwiyon, ya shafa ta, ta lashe masa hannu, muka dawo gida muna lura da shi har washegari. A gida na farko, na masu Wheaten Terrier, tun a mota idanunsa suka yi jawur yana ta atishawa. A gidan masu Bichon Frise kuwa lafiya lau. Ba wai Bichon ya fi ba ne ga kowa, jikin ɗana ne ya karɓe shi, naki kuma yana iya ƙi. Har yau karen ba ya hawa bene na sama inda ɗakunan barci suke, mun sa ƙyaure a gindin matakala, mun kuma cire kafet ɗin falo.

Sai maganar da ba a faɗa a talla. Gashin da ba ya zuba a ƙasa, a jikin karen yake tsayawa ya cukurkuɗe. Bayan kunne, hammata, da inda abin wuya yake gogawa, nan ne yake fara dunƙulewa, idan aka bar shi sati biyu ba taza sai ya zama kamar kitson da ya shekara ba a tsefe ba, dole a aske shi tas har fata. Kusan kullum da dare nake taje shi, kuma duk sati biyar ko shida sai an kai shi aski da wanka da yanke farce. Dala 80 nake biya, ban da ɗan ihsanin mai askin. Ki ninka wannan a shekara, ki kuma tuna Bichon yana iya kai shekara 14 ko 15.

Malam Mai Rawani, Birmingham

Assalamu alaikum. Ban zo in ɓata muku zance ba, na ga mai tambayar Kirista ce, amma Musulmi da yawa suna karantawa. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki ibada ce kawai. Sai dai hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim a fili yake: wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum. Malamai sun shigar da gadi da jagorancin makaho cikin lalura. Wanda ke da irin wannan buƙata ya zauna da malaminsa kafin ya biya kuɗi.

Abin da na sani a aikace kuma: a nan Ingila tun 2020 doka ta hana dillali ko kanti sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai kai tsaye daga wanda aka haife shi a hannunsa, kuma ana son mai saye ya ga kwikwiyon tare da uwarsa. Maƙwabciyata ta yi tafiyar awa biyu, aka ce mata uwar ta fita yawo, ta juyo ba ta saya ba.

Baban Zara, Columbus

Mun gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Namu likitan yarinyar ne ya ba da shawara saboda lalurar da take da ita, kuma sai da muka yi tambaya kafin mu kawo shi.

Uwargidan Injiniya, Houston

Ni kan mai kiwon zan tsaya, don a nan ne na ga bambanci ƙarara tsakanin mutum biyu da na je wurinsu.

Na farko ya ce in same shi a filin ajiye motoci na wani babban kanti. Ya buɗe bayan mota, ga 'yan kwikwiyo kala uku a keji ɗaya, ya ce in zaɓa, idan na biya yau zai rage mini. Na tambaye shi uwa, ya nuno mini hoto a waya. Na ce ina takardar gwajin lafiyar iyayen, ya miƙo mini takardar AKC, wato ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka. Ita wannan rajista ce kawai, tana nuna asalin kare, ba ta cewa komai game da lafiyarsa ko yadda aka rene shi. Ɗaya daga cikin 'yan kwikwiyon idonsa na kwantsa, yana rawar ɗari a cikin zafin Texas. Na yi masa sallama.

Ta biyu wata dattijuwa ce mai kiwon Havanese. Ita ce ma ta yi mini tambayoyi, ba ni ba. Awa nawa gidan yake zama ba kowa, shekarun ƙaramin yaro nawa, matakalar katako ce ko akwai kafet, wa zai fita da shi da asuba. Ta ba ni cikakken sunan uwar da uban ta ce in je shafin OFA, gidauniyar da ke ajiye sakamakon gwajin lafiyar karnuka, in duba da kaina, kyauta ne, na kuwa ga sakamakon gwajin ido, da ƙugu, da ƙoƙon gwiwa. Ƙananan karnuka ƙoƙon gwiwarsu yana yawan gocewa, ga shi gidajenmu hawa da sauka ne wuni guda, shi ya sa wannan gwajin ya dame ni. 'Yan kwikwiyon a kicin ɗinta suke, sun saba da ƙarar injin shara da ƙararrawar ƙofa. Ta sa ni a layi na jira watanni, ba ta kuma sake shi ba sai da ya yi sati goma, ko da yake jihohi da yawa sati takwas doka ta ce. A yarjejeniyar da na sa wa hannu akwai sharaɗin cewa duk ranar da na kasa riƙe shi, ko bayan shekara goma ne, ita zan mayar wa. Dala 2,800 na biya. Kuma ba ta bar ni na zaɓa ba. Na so wani mai ruwan cakulan, ta ce wannan ƙiriniyarsa ta fi ƙarfin gida mai bango ɗaya, ta ba ni wani baƙi da fari mai sanyin hali. Na ɗan ji haushi a lokacin, amma ita ta yi sati goma tana kallonsu.

Aibin Havanese ɗaya: ba ya son kaɗaici ko kaɗan. Ko banɗaki na shiga sai in ga ƙafarsa ta ƙarƙashin ƙofa. Idan ku duka kuna fita aiki daga safe har yamma, ki sake tunani.

Ɗan Maraɗi, Montreal

Ku kuna ta neman karen Turawa, ga namu na Sahel. Azawakh, karen Buzaye na Mali da Nijar da Burkina Faso, gashinsa gajere ne ƙwarai, kuma AKC ta amince da shi a 2019. Wasa nake yi fa, kar ki saya. Karen da yake korar barewa a daji ba zai zauna a filin mota ɗaya ba, ga shi ba ya jure sanyi. Haka Basenji na Kwango: ba ya haushi, ba ya zubar da gashi sosai, amma yana wani irin kuka mai kama da guɗa, kuma idan ya gaji da zama kujera ce za ta biya.

Yaya Talatu, Atlanta

Ba wanda ya yi maganar haushi sosai, ni kuwa a wurina ya fi gashi muhimmanci. Ƙaramin Schnauzer gare mu. Gashi kam ko ɗaya ba za ki gani a kujera ba, amma karen gadi ne a ƙaramin jiki. Mai kawo wasiƙa, yaro a kan keke, maƙwabci ya rufe ƙofar mota, kowa sai ya sanar da mu. Matar da ke jikin bangonmu aikin dare take yi, da rana take barci, ba a daɗe ba takardar gargaɗi ta zo daga ƙungiyar unguwa. Sai da muka manna leda mai dishi-dishi a rabin tagar falo don ya daina ganin titi, muka biya mai horarwa, sannan abin ya lafa. Ki tambayi mai kiwo ƙarara ko uwar mai yawan haushi ce, in kin je kuma ki buga ƙofa ki saurara da kunnenki.

Maman Ishaya, Maryland

Kai, na gode ƙwarai. Yaran Goldendoodle suke so, saboda shi suke gani a unguwa. Akwai mai shi a nan?

Baban Biyu, Calgary

Ni ne nan, Maman Ishaya. Haɗin Golden Retriever da Poodle ne, kuma idan haɗin farko ne gashin caca ne. A haihuwa ɗaya wani ya ɗauko na Poodle, wani ya ɗauko na Golden. An ce mana namu ƙarami ne, ba zai zubar ba. Da ya kusa shekara ya sauya gashin yarinta, sai ga gashi a kowane lungu na matakala, nauyinsa kuma ya wuce abin da aka faɗa mana nesa ba kusa ba. Yana zubarwa, yana kuma cukurkuɗewa, wahala biyu kenan. Shi kansa Wally Conron, wanda ya haɗa Labradoodle (haɗin Labrador da Poodle) a Ostareliya a 1989 don wata makauniya da mijinta ke borin jini, daga baya ya fito ya ce yana nadamar ƙofar da ya buɗe wa masu kiwon neman kuɗi. Muna son karenmu, halinsa da yara ba a magana. Amma mai 'ya da asma ta ɗauki Poodle tsantsa ta sa a yi masa askin doodle, yaran ba za su gane ba.

Anti Ladi, Minnesota

Na manta abu biyu. Ciyawar da ke gaban jerin gidajen ta kowa ce, duk karnukan unguwa a nan suke kashi. Kada ki sauke kwikwiyo a wurin sai ya gama allurar rigakafinsa, wajen sati 16, saboda cutar parvo tana daɗewa a ƙasa kuma tana kashe ƙanana. A ɗan filinku na baya za ki koya masa. Kuma kada ki tura kafin alƙalami ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko katin kyauta ga wanda ba ki gani ba. Wata ƙawata ta tura, sai aka ce ta ƙara na keji, ta ƙara na inshora, daga nan waya ta daina shiga. Ki ce a kira ki ta bidiyo a ɗaga kwikwiyon tare da uwarsa.

Maman Ishaya, Maryland

Allah ya saka muku da alheri duka. Na duba takardar unguwa, fam 40 ne iyakarmu, kuma dole a yi masa rajista a ofishinsu. Na karɓi ranar ganin likita don gwajin yarinyar, sai sakamako ya fito za mu nemi masu ƙaramin Poodle da Bichon mu kai ta ta zauna da su. Baban Zara, naka yana haushi idan kun fita kun bar shi? Kuma a wane wata ya daina fitsari a cikin gida? Maigida ya ce shi zai riƙa fita da shi da asuba, amma bai taɓa yin haka a watan Janairu ba.