Don Allah me za mu kira "router" da Hausa? Ina da darasi ranar Asabar

Malamar_Kwamfuta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da wasu mata kwamfuta da yamma a nan Zariya, yawancinsu masu sana'ar gida ne da ke tallata kaya a WhatsApp, Turancin nasu sama-sama ne. Ranar Asabar zan shiga babin yadda saƙo ke tashi daga wata waya ya isa wata, kuma ina so in raba musu takarda da Hausa. Intanet na bar shi yadda yake, server na sa uwar garke kamar yadda na gani a wasu fassarori, packet na ce ƙunshi. Router ce ta tsaya min a wuya. Gobe Juma'a bayan la'asar zan kai wa mai fotokwafi, a taimaka.

Injiniya_SabonGari: Wa alaikumussalam Malama. Na'urar rarraba intanet, shi ke nan, kowa zai gane.

Ɗan_Maraɗi: mu nan rutar muke cewa daga Faransanci, kamar yadda muke cewa rezo inda ku kuke cewa sabis ko netwok. ban taɓa jin wanda ya wahalar da kansa a kai ba

Baba_Mai_Nahawu: MADUGU. Malama rubuta madugu ki huta. Wane ne yake sanin hanya tun daga Kano har Gwanja, ya san inda za a yada zango, ya san inda 'yan fashi suke ya kauce da ayari? To ba aikin wannan na'ura ke nan ba? Kalma ɗaya, gaɓa uku, tamu ce gada-gadan, ba "na'urar kaza mai kaza" ba wadda kafin ka gama faɗa an tashi daga aji. Na daɗe ina ba da wannan shawara ba a ji.

Injiniya_SabonGari: Baba Allah ya ƙara girma, kalmar ta yi daɗi a baki amma ba ta dace da aikin ba. Madugu tafiya yake da ayari tun daga farko har ƙarshe, ita kuwa wannan na'ura ko taku ɗaya ba ta yi, tana nan inda aka ajiye ta. In Malama ta tura hoton atamfa, wayar sai ta yayyanka shi ƙanana-ƙanana (su ne packet ɗin da Malama ta kira ƙunshi), kowane yanki ɗauke da adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) na inda za shi, na'urar farko ta duba adireshin ta duba jadawalin da ke cikinta ta miƙa wa ta gaba, ita ma ta gaban haka, babu wadda ke raka shi har gida kuma yankuna biyu na hoto ɗaya ma suna iya bin hanya daban-daban sai a can a sake haɗa su. Duk mai Windows ya buɗe cmd (tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni) ya rubuta tracert google.com zai ga jerin na'urorin da saƙo ke bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, har 30 yake iya lissafowa kafin ya haƙura. In aka ce wa ɗalibai madugu za su ɗauka abu ɗaya ne ke jan saƙon har can, an koyar da kuskure ke nan tun ranar farko.

Baba_Mai_Nahawu: Yaro, kalma ba hoto ba ce da za ta yi kama da abu ta ko'ina. Jirgi na ruwa muka sani, da na sama ya zo muka ce jirgin sama, ya taɓa ruwa? Linzami na doki ne, yau ga makami mai linzami a bakin kowane mai karanta labarai. Manhaja ta makaranta ce, yanzu ita ce ta cikin waya. Wa ya mutu? Ku 'yan boko matsalarku kun raina harshenku, Larabawa sun ce muwajjih ba su tsaya jiran Bature ba.

Abban_Hanifa: Baba muwajjih ɗin a littafi yake fa, na zauna a Alƙahira, ka shiga shago ka ce muwajjih sai an tsaya kallonka, rawtar suke cewa. Kuma da me kake rubuto mana wannan faɗan, ba da WAYA ba? 😂 ita ma ai aro ce, da mota da burodi

Baba_Mai_Nahawu: Aron da kakanni suka yi sun tanƙwara shi ya bi harshe. Naku haɗiya ce ba tauna.

Ɗan_Maraɗi: to in za a bi ta madugu mu ma muna da haƙƙi, ayarin gishiri ta wajenmu yake bi, kar Kano ta cinye komai kamar yadda ta cinye daidaitacciyar Hausa

Abban_Hanifa: an fara 🙆🏾‍♂️

Maman_Ilham: Ku dakata maza. Malama 'yar uwa ni router ba ta dame ni ba, ƙunshin nan ne. Ajin mata ki ce musu "ana tura ƙunshi" wallahi lalle za su tuna, dariya za ta hana ki darasi. Ki ce ƙulli, kamar ƙullin gishiri ko na kuka, duk mai sana'a ta san ana raba kaya ƙulli-ƙulli.

Injiniya_SabonGari: Ƙulli ya yi Hajiya. Abu ɗaya zan ƙara, ni ma tawa fassarar ta ɗazu ta fi dacewa da ƙaramin akwatin gida irin MiFi, wanda a gaskiya abu biyu ne a haɗe, modem da ke magana da kamfanin layi da kuma router da ke raba wa wayoyin gida. Manyan da ke cikin kamfanoni hanya suke zaɓa wa saƙo. Ko a ce mararraba?

Abban_Hanifa: sai su ɗauka ta hanyar Keffi ake nufi, saƙo ya maƙale a go-sulo

Malamar_Kwamfuta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da na rubuta: "rawuta, wato na'urar raba hanya". Dole in bar rawuta domin ran da za su je kasuwa saye da wannan sunan za su tambaya. Ƙunshi na mayar da shi ƙulli. Baba ka yi haƙuri madugu bai shiga ba, amma na ɗauki zango, kowace rawuta da ƙulli ya biya ta kanta zango ɗaya ke nan, har na sa hoton tracert ɗin a ƙasa na rubuta zango na 1, zango na 2.

Baba_Mai_Nahawu: To. Zangon dai daga bakina ya fito, a shaida. Rawuta kuwa ba da yawuna ba, kuma in za ki rubuta ta ki cire wasalin tsakiya, rauta, ko ita ma sai Injiniya ya sa hannu?