Neman kalma: «statue» na mutanen gari, gunki ne ko mutum-mutumi?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum malamai. Masu fassara labarai na rubuta «gunkin Herbert Macaulay» idan suna nufin siffar wannan ɗan kishin ƙasa da ke tsaye a tashar mota ta CMS a Legas. Wasu kuma su ce mutum-mutumi. Wanne ne daidai ga siffar ɗan gari da aka kafa a dandali don a riƙa tunawa da shi?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Gunki dai a cire shi. Bahaushe na jin kalmar sai zuciyarsa ta tafi ga Lata da Uzza, ko Tsumburbura ta Dutsen Dala, wato abin bauta. Ba wanda ke yi wa Macaulay yanka ko sujada. Duk wanda ya rubuta gunki ya ɗora wa mutanen Legas abin da ba su yi ba, kuma mai karatu ya riga ya yanke musu hukunci tun daga kanun labari. Maganar halaccin kafa irin waɗannan siffofi ta malaman addini ce, mai fassara kuwa aikinsa ya faɗi abin da ke wurin.

Ɗan Fagge: To amma Malama, mutum-mutumi ai shi ne na korar tsuntsaye a gonar dawa, kuma yanzu da shi ake kiran na'urar nan mai aiki kamar mutum.

Malamar Hausa: Haka ne, shi ya sa a ambaton farko a ce mutum-mutumin tunawa da wane. Daga nan mutum-mutumin kawai ya isa. Misali: «Mutum-mutumin tunawa da Edward Colston, ɗan birnin Bristol na Ingila mai fataucin bayi, an kafa shi a 1895, masu zanga-zanga suka tuge shi suka jefa a ruwa ranar 7 ga Yunin 2020.» Babu mai ruɗewa a nan.

Baban Zubi: Ni gyarana a kan «sassaƙa» ne, don ana cusa ta ko'ina. Sassaƙa ragewa ce: a sami dutse ko itace a yi ta cira da gizago ko kurfi har siffa ta fito. Na Colston tagulla ne, kuma tagulla zuba ta ake yi. Ana fara ƙera siffar da yumɓu, a ɗauki kwafinta da kakin zuma mai kaurin kamar milimita 5, a lulluɓe kakin da laka ciki da waje, a gasa. Kakin ya narke ya tsiyaye, gurbin da ya bari a cika shi da narkakkiyar tagulla, jan ƙarfe kusan kashi 90 cikin 100, saura kuza, a zafin da ya haura digiri 1,000. Idan lakar ba ta bushe sarai ba, tururi zai bar ramuka a jikin aikin, wani lokaci ma ƙwaryar lakar ta fashe. Babban aiki gunduwa-gunduwa ake zuba shi, sannan a yi walda. Haka ake yi a unguwar Igun ta birnin Benin har yau. Don haka a ce zubin tagulla.

Malamar Hausa: Na siminti fa, Baba?

Baban Zubi: Wannan gini ne, ana shafa siminti a kan ƙwarangwal na rodi da waya. Ciwonsa ruwa: ya shiga ta ɗan tsagi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, simintin ya ɓare, galibi daga yatsu da wuya inda bai da kauri. Ita tagulla kore take yi, maganinsa a wanke a shafa kaki sau ɗaya ko biyu a shekara.

Ɗan Fagge: Saura wanda ya tsaya daga kai zuwa ƙirji, da abin da ake ɗora shi, da rubutun da ke jiki.

Malamar Hausa: Mutum-mutumi iya ƙirji. Na fi son haka a kan «rabin mutum-mutumi», don wannan sai a zaci karyewa ya yi. Abin ɗorawar dakali ne, rubutun kuma allon bayani. Inda babu siffar mutum sam, kamar ginin kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi, sai a ce ginin tunawa.

Ɗan Fagge: Na gode, Allah ya ƙara sani. Zan gyara kanun da ke hannuna zuwa mutum-mutumin tunawa da Macaulay.