Ina shirin hawan Kilimanjaro daga Kano: ta ina zan fara?

Mai tambaya, daga Gwale

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaci ne mai shekara 38, kuma na ƙudiri niyyar hawan dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya nan da wata takwas, idan Allah Ya kai mu. Ban taɓa hawan dutsen da ya wuce Dala da Goron Dutse ba, su ɗin ma tun ina sakandare. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutumin da yake zaune a gari shimfiɗaɗɗe irin Kano zai horar da jikinsa domin dutsen da tsayinsa ya kai mita 5,895. Haka kuma kamfanin da zai yi mana jagora ya turo mini jerin kayan da ake buƙata, ban sani ba ko ana samunsu a nan gida, ko kuwa dole sai an yi odarsu daga waje. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Amsa ta farko, daga Hotoro

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya cika buri. Na hau dutsen nan ta hanyar Machame, kuma kusan duk atisayen da na yi a kan Dala na yi shi, saboda haka kada ka raina ta. Hanyoyin da yawancin mutane suke bi a Kilimanjaro ba sa buƙatar igiya ko ƙwarewar maƙalewa a jikin dutse. Tafiya ce ta ƙafa, awa biyar zuwa bakwai kullum, sannan ranar kai wa ƙololuwa a tashi da tsakar dare a yi fiye da awa goma sha biyu ana tafe. Juriya ake nema, ba gudu ba.

Yadda na yi shi ne, bayan sallar Asuba nakan zuba ruwan leda guda goma a jakar goyo, wato kilo biyar ke nan tunda kowace leda rabin lita ce, in hau matakalar Dala in sauko, in sake hawa, har ƙafa ta fara rawa. Na fara da hawa uku, bayan wata huɗu ina yin goma sha biyu da leda ashirin a baya. A hawa na ƙarshe nakan rabar da ruwan ga yaran da suke wasa a sama, domin in sauko da jaka marar nauyi in tausaya wa gwiwa. A ƙarshen mako kuma ka riƙa doguwar tafiya kwana biyu a jere, Asabar da Lahadi, domin jiki ya saba da tashi da gajiyar jiya ya ci gaba.

Kuskuren da na yi shi ne sayen takalmi daidai ƙafata cif. A hawa bai dame ni ba, amma a saukowa yatsuna suka yi ta dukan gaban takalmin, na dawo Kano da farce biyu sun yi baƙi, daga baya suka fita. Ka sayi wanda ya ɗara lambarka, ka gwada shi da safa mai kauri, kuma ka yi duk atisayenka da shi.

Amsa ta biyu, daga wata ma'aikaciyar lafiya

Shawarar ɗan'uwa ta yi kyau, sai dai akwai abin da matakalar Dala ba za ta koya wa jiki ba. Kano ba ta wuce kimanin mita 500 sama da teku ba, alhali ciwon da tsayi yake haddasawa yakan fara bayyana ne daga wajen mita 2,500, kuma a ƙololuwar Kilimanjaro iskar da mutum yake samu a kowane numfashi kusan rabin wadda ake samu a bakin teku ce. Wannan ciwon ba ya duba ƙarfi. Sau da yawa ma matasa masu ji da kansu ne suke fara faɗuwa, saboda sauri. Alamominsa su ne ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da ƙin abinci. Idan ya kai ga tangaɗi, ruɗewa, ko haki alhali mutum yana zaune, to maganinsa saukowa nan take, ko da dare ne.

Don haka ka zaɓi hanya mai kwana bakwai ko takwas, irin Lemosho, ka bar ta kwana biyar duk da ta fi arha. Jagororin can suna yawan cewa "pole pole", wato sannu sannu, kuma bin wannan ya fi kowane magani. Akwai ƙwayar da ake kira Diamox wadda take taimakawa, amma likita ne zai rubuta maka ita bayan ya duba ka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne gwajin jini. A ƙasarmu masu rukunin AS, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon ciwon sikila, suna da yawa, kuma ƙarancin iska a wuri mai tsayi yana iya taɓa saifar mai ɗauke da shi, ko da bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa. Ka san rukunin jininka, a auna hawan jini, sannan ka biya kuɗin tafiya.

Amsa ta uku, daga Fagge

Malam, game da kaya, ba sai ka yi oda ba sai kaɗan. 'Yan gwanjo na Ƙofar Wambai suna samun rigunan sanyi na ƙasashen Turai masu kyau, kuma idan ka je da zafi, lokacin da ba wanda yake nemansu, za ka fi samun sauƙi a kan lokacin hunturu. Ƙa'idar ita ce sawa hawa uku: ta ciki mai tsane gumi, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Ka guji auduga a jikin fata, domin tana riƙe gumi ta koma sanyi. Kada ka auna sanyin can da na hunturunmu, ruwa ma yana daskarewa a gora. Ka haɗa da hular sanyi, safar hannu biyu, tabarau mai duhu da fitilar goshi. Jakar barci da sandunan dogarawa kuwa ana ba da hayarsu a garin Moshi da ke gindin Kilimanjaro.

Takalmi ne kawai ban yarda da gwanjonsa ba, domin wanda ya daɗe a ajiye tafinsa yakan ɓalle ba zato. Nawa ya yi mini haka a tsaunukan Shere na Jos, na ƙarasa tafiya da igiya ɗaure a ƙafa.

Kafin Tanzaniya, ina ganin ya kamata ka gwada Gangirwal da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. Ba zai gwada maka ciwon tsayi ba, amma zai nuna maka ko jikinka da kayanka za su jure kwanaki a daji. Da rani ake zuwa, kuma sai ka bincika halin tsaron hanya tukuna.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, gobe zan je gwajin jinin. Malam na Hotoro, in ba damuwa, wace rana kake zuwa Dala? Ina so in bi ka ko sau ɗaya ne in ga yadda ake ɗaure jakar, domin tawa da na gwada jiya duk nauyin a kafaɗa ya tsaya.