Abin da aka tattauna a fada kan dushewar lasifika

Daren Juma'a a fadarmu, wato majalisar shan shayi, ta unguwar Birni a Damagaram, wani abokinmu ya kawo kuka: lasifikokinsa masu tsada sun daina fitar da siririn sauti, kamar an lulluɓe mawaƙi da bargo.

Dattijon cikinmu, tsohon mai gyaran rediyo, ya ce kafin a kama sukurdireba a kara kunne a ƙaramar lasifikar sama, wato tiwita. In shiru, ta ƙone ko wayarta ta saki. In gefe ɗaya ne ya dushe, a musanya wayoyin hagu da dama. In matsalar ta koma ɗaya gefen, to laifin amfilifaya ne, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti.

Ni dai na fi yarda da zancen ƙura. Hunturun Damagaram yana toshe ƙyallen gaban lasifika, a cire shi a kakkaɓe, amma kada yatsa ya taɓa tiwitar, yanzu ta lotse. Wasu tiwitocin suna da wani mai a ciki da ke kafewa da shekaru, zafin Afrilu kuwa ba ya tausaya masa.

Sai yadda ake ajiye lasifikokin a ɗaki. Tiwita ta daidaita da kunne, a karkato akwatunan su fuskanci kujera, a rage labule mai kauri.

Ana zuba shayi na uku wani ya ce: «Baba, ko dai kunnen ne ya tsufa?»