Yaya zan gyara bugun ƙarshe na tura ƙwallo cikin rami a wasan golf?

Sabon ɗan wasa: Assalamu alaikum. Ina iya kai ƙwallo kan lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin golf, amma sau da yawa sai na buga uku kafin ta faɗa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Wane atisaye zan riƙa yi?

Dattijo daga Jos: Wa alaikumus salam, ɗana. Yawanci matsalar ba ta saiti ba ce, ta ƙarfin bugu ce. Faɗin ramin santimita 10.8 ne kawai, saboda haka daga nesa ka nufi ajiye ƙwallo kusa da shi, yadda bugu na biyu zai yi sauƙi. Ka lura kuma da safe raɓa tana rage gudun ƙwallo, a lokacin hunturu kuwa, da ƙasa ta bushe, sai ta zarce.

'Yar wasa: Malam, ni a gida nake jera ƙwallaye a kan kafet, taku ɗaya daga kofin da nake ɗauka a matsayin rami, ina motsa kafaɗu ba wuyan hannu ba, kuma ba na ɗaga kai sai ƙwallo ta tafi.

Sabon ɗan wasa: Na gode, Baba. Na gode, Hajiya. Gobe da asuba zan gwada.